Lissafi ya yi wa yaran besbol yawa?

Tun da Statcast, tsarin na'urorin da ke bin diddigin motsin ƙwallo da 'yan wasa, ya shiga filayen babbar gasar besbol ta Amurka a 2015, kowane bugu sai an auna saurin ƙwallo da kusurwar tashinta. Yanzu abin ya gangaro har kan yara.

Shawarar da ta fi rinjaye: alƙaluman na koci ne. Ya duba su, ya ba yaro gyara ɗaya tak. Yaron da ke neman buga ƙwallo ta tashi sama alhali ƙarfinsa bai kai ba, a hannun abokin hamayya take faɗawa. A fara koya masa gane ƙwallon da in an jefo masa zai bar ta ta wuce ba tare da ya kai mata bugu ba.

Wasu sun ce bidiyon wasan yaro ma ya wadatar. Na yarda, sai dai mai shirin shiga ƙungiyar besbol ta jami'a, shi kam masu zaɓen 'yan wasa za su nemi alƙalumansa.