BP ɗin Inna yana sauka sosai, akwai maganin ɗaga shi ne?

Ɗan Pantami:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani a taimaka min. Mahaifiyata ce, shekarunta 66, kusan sati uku kenan duk ta miƙe daga zaune ko ta ɗago daga sujada sai jiri ya ɗebe ta idonta yayi duhu, ranan Laraba ma saura kaɗan ta faɗi a bakin bayi Allah ya sa ƙanwata na kusa ta tare ta. Na kai ta kemis ɗin unguwa aka gwada aka samu 88/56, mai kemis yace jini ne yayi ƙasa ya bamu maganin ƙarin jini na kwalba, ta sha kwalba biyu babu wani canji. Abin da ya ɗaure min kai ita fa mai hawan jini ce, shekara bakwai tana kan magani. To kamar yadda akwai na sauke jini, akwai na ɗaga shi? Sunan shi nake so in je in saya, wallahi hankalina a tashe yake.

Maman Walid:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Inna lafiya. Ka riƙa haɗa mata Maltina da madara safe da yamma, sannan zoɓo mai kauri da hanta, ni lokacin da na haihu jinina yayi ƙasa shi aka min kuma na ji daɗi sosai.

Nas daga Bauchi:
Maman Walid kiyi haƙuri zan ɗan gyara, naki daban nata daban, kuma a nan ne mutanen mu suke yawan ruɗewa domin duka "jini yayi ƙasa" muke cewa. Naki bayan haihuwa ƙarancin jini ne, shi ake gwada PCV (gwajin yawan jajayen ƙwayoyin jini) a gani, shi hanta da maganin ƙarin jini suke wa amfani. Na Inna kuma ƙarfin da jini yake bugawa a cikin jijiyoyi, wato BP, ne ya ragu, ƙasa da 90/60 muke cewa ya sauka. Mutum zai iya samun duka biyun, shi ya sa ita ma a duba PCV ɗinta, amma zoɓo kam kar a bata yanzu, shi sauke BP yake ba ɗagawa ba.

Ɗan uwa amsar tambayarka eh akwai, amma ba irin wanda ake shiga kemis a saya bane. Akwai fludrocortisone, aikinshi ya sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa a jiki sai jinin ya ƙara yawa, yawanci da 0.1mg ake farawa sau ɗaya a rana, matsalan shi yana kumbura ƙafa yana rage sinadarin fotasiyam na cikin jini, kuma mai ciwon zuciya zai iya jefa shi cikin wahala. Akwai midodrine, shi matse jijiyoyin jini yake, ana sha sau uku da rana kuma na ƙarshe sai ya zama aƙalla awa 4 kafin kwanciya, domin in mutum ya kwanta da shi a jiki BP ɗin yana iya haurawa sama sosai yana barci bai sani ba. To ka duba, mace mai shekara bakwai da hawan jini ka bata wannan ba likita, shanyewar ɓarin jiki kake kira mata Allah ya kiyaye. Akwai kuma droxidopa da aka amince da shi a Amurka a 2014, wannan na masu matsalar jijiya ne irin su Parkinson. In abin gaggawa ne a asibiti ƙarin ruwa muke fara sawa, su noradrenaline sai wanda yake kwance rai a hannun Allah.

Ni dai tun da kace tana kan maganin hawan jini can hankalina ya tafi. Ga zafin Gombe na wannan lokaci, tsofaffi basa jin ƙishi sosai basa shan ruwa, in kuma akwai maganin sa fitsari a ciki irin Moduretic sai jiki ya bushe. Ka ɗauko ledan magungunanta ka rubuto min sunan kowanne. Tayi gudawa ko amai kwanan nan? Tana da suga?

Abu Safwan:
Maganar nas gaskiya ce. Baban mu suga ne da shi shekara da shekaru har ya taɓa mishi jijiyoyi, in yana kwance BP lafiya lau yana miƙewa sai ya zube. Likita a asibitin koyarwa na Gombe ya gwada shi a kwance, ya sa ya tsaya minti 3 ya sake gwadawa, lambar sama ta BP ɗin ta sauka da fiye da 20, a nan aka gane. Kuma bai fara da ƙwaya ba, cewa yayi ya yawaita ruwa, in ya farka ya zauna bakin gado tukuna kafin ya tashi, muka sa bulo a ƙarƙashin ƙafan gado ta wajen kai, sallah ma a zaune yake yi. Sai da hakan bai isa ba aka sa shi kan fludrocortisone, kuma ana kiran mu gwajin jini akai akai. Kar ka yarda ka ƙara mata gishiri da kanka tunda tana da hawan jini.

Ɗan Pantami:
Nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Anti nas na duba ledan, akwai amlodipine 10mg, akwai Moduretic, sai wani Norvasc da yayana ya aiko mata daga Abuja wata ɗaya da ya wuce yace mai kyau ne, duka ukun take sha kullum da safe. Bata da suga, bata yi gudawa ba, amma tana azumin Litinin da Alhamis.

Nas daga Bauchi:
Innalillahi, Norvasc ai shi ne amlodipine, sunan kamfani ne kawai ya bambanta, kenan wata guda tana ninka magani ɗaya ga Moduretic ga azumi cikin zafi. Kar ta sake haɗa Norvasc da amlodipine, amma kar kuma ku zubar da duka ku ce ta warke. Gobe da sassafe ka kai ta asibiti da ledan gaba ɗaya likita ya gani da idonshi ya gyara mata, azumin nafilan ta ɗan dakata. In cikin dare ta suma, ko ƙirji ya riƙe ta, ko magananta ya fara harɗewa, kar ka jira gari ya waye.

Ɗan Pantami:
To Anti, na cire Norvasc ɗin na ajiye a ɗakina. In sha Allahu ƙarfe bakwai muna asibiti, yanzu zan kira yayan namu in faɗa mishi.