Musayar Baiti: Muntaka da Kujerar Asawase a Majalisar Dokokin Ghana

Ɗan Aboabo:
Da sunan Allah zan fara,
Kan Muntaka Mubarak, wakilinmu a Akra.
Mazaɓar Asawase a 2004 aka tsara,
Dakta Gibril ya ci, sai ajali ya yi kira.
Zaɓen cike gurbi na 2005, ku lura,
Nan ne Muntaka ya hau kujera.
Noma ya karanta a jami'ar KNUST, ya kuma ƙara,
Lemar jam'iyyar NDC ce a ƙasar giwar NPP, tana ta samun nasara.

Hajiya ta Sawaba:
Ɗan'uwa, ka tsallake batun doka,
Ba a hawa kujerar nan haka.
Sashe na 94 na tsarin mulki ya ce 21 shekarunka,
Ɗan ƙasa mai rajista, ka biya harajinka.
Ko mazaɓar ce asalinka, ko nan ne gidanka,
Ko cikin shekara 10 na baya, 5 nan zamanka.
Mutum 2 su gabatar, 18 su mara maka,
A 2024 sidi 10,000 hukumar zaɓe ta ɗauka.
In kana da sarauta, to ajiye burinka,
Fasfo biyu, yar da ɗaya kafin ka kai fom ɗinka.
Shi ya sa a 2023 kotu ta ce wa Quayson na Assin North ya sauka.

Malam na Akurem:
Hajiya, takardu ba su gagari kowa,
Zaɓen fid da gwani ne wurin faɗuwa.
Daliget na rassa ke zaɓe, ba su da yawa,
Wanda ya shekara huɗu ba suna, ba ta'aziyya, ba gaisuwa,
Ranar ƙuri'a zai ga baya ana juyawa.
A 2009 Shugaba Mills ya ba Muntaka ministan matasa da wasanni, ya sha rantsuwa,
Zargin kuɗin ma'aikata ya taso, cikin watanni sai ajiyewa.
Kujerar majalisa kam ya ci gaba da riƙewa,
Har ya zama bulalar NDC a majalisa, mai tsawatarwa.

Baba Alhaji na Nima:
Malam, bulala ai shi ne gundarin aiki,
Kafin a kaɗa ƙuri'a ya ƙirga wa ke ɗaki.
Janairun 2021, NDC 137, NPP 137, an yi kunnen doki,
Aka kwana a zaure kan zaɓen kakaki.
Ana ƙirga Ahenkorah na NPP ya wafci ƙuri'u, abin mamaki,
Muntaka ya bi shi a guje ya taka masa birki.
Gari ya waye Bagbin na NDC aka ba muƙamin, an rufe baki.

Ɗan Aboabo:
To Baba, titi da kwatar unguwa fa, na wa ne alhaki?

Hajiya ta Sawaba:
Ɗan'uwa, ni zan ba ka amsa,
Nan ne jama'armu suke ɗora masa abin da ba nasa.
Kwata da shara na asambulin Asokore Mampong ne, ga ta kusa,
Yana zama cikinta, amma ba a ƙirga ƙuri'arsa.
Dokar da za ta ci kuɗin baitulmali ba ya kawo ta don kansa,
Sashe na 108 ya bar wannan ga shugaban ƙasa.
Nasa shi ne kwamiti, kasafi, da tsare minista ya ba da amsa,
Zama 15 ba izini ba hujja, kujerar ma zai rasa.
Rinjayen ministoci doka ta ce daga majalisa,
Ta nan Shugaba Mahama a 2025 ya miƙa harkokin cikin gida hannunsa.