Littattafan yara ko rufin aji: wanne za mu fara kai wa makarantar ƙauyenmu?

Sakatare: Assalamu alaikum. Shawarar da ke gaban tsofaffin ɗalibai ita ce gudummawar bana ta tafi ga littattafan labarai na yara, a kai firamarenmu. Alhaji ya ce yana da ja. Bismillah, Alhaji.

Alhaji: Wa alaikumus salam. Ba ƙin alheri nake yi ba. Abin da na ce shi ne, kai littafi makarantar da ba ta da rufi asarar kuɗi ce. Na je gida da damina, ruwa na zuba a aji uku, yara a zaune kan buhu. Shekarun baya wasu bayin Allah sun kawo kwalayen littattafai, aka yi hoto, aka kulle su a ofis. Ranar da aka buɗe, gara ta ci rabi. Sauran kuwa da idona na ga ana naɗe ƙosai da su a tasha. Mu gyara kwano, mu sayi benci.

Baba Hedimasta: Alhaji, mabuɗin ofishin nan a aljihuna yake a lokacin, bari in faɗa muku dalili. Na farko, littattafan duk na Turanci ne, waɗanda yaran Ingila suka gama da su. Labarin dusar ƙanƙara ne da jirgin ƙasa mai bin ƙarƙashin gari, ga Turanci mai nauyi wanda ko wasu malamaina sai sun tsaya sun yi tunani. Na biyu, sa hannu aka sa na yi a kan adadinsu. Duk hedimastan da ya sa hannu ya san in aka zo dubawa aka tarar ɗaya ya ɓata, shi za a tuhuma. Tsoro ne ya kulle kabad ɗin nan, kuma har yau abin yana damuna.

Malama: Allah ya ƙara girma, Baba, ka faɗi abin da yawancinmu ba ma faɗa. Ni aji biyu nake koyarwa. Yaro zai rera a, ba, ca tare da 'yan aji kamar ya iya, amma ka ware shi ka nuna masa kalmar "rana" sai ya yi shiru. Ba mu kaɗai ba ne: rahoton Bankin Duniya na 2022 ya nuna kusan tara cikin goma na yara 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane. Allo da alli suna koyar da haɗa baƙi, amma karatu sai da abin karantawa. Yaron da bai taɓa riƙe littafi ya buɗe shafi da hannunsa ba, ina zai gwada abin da na koya masa? Kuma Alhaji, rufi aikin SUBEB ne, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. Tun dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ake ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya saboda wannan, jiha ta ajiye nata kason ta karɓo. Abin da za mu tara ba zai rufe ko aji biyu ba.

Alhaji: Malama, shekara nawa muna jiran wannan kason? Ai littafin ma aikinsu ne. In jira za a yi, sai a jira duka.

Anti Nas: Ni ina bayan littafi, amma ban yarda a ce sai na Hausa ba. WAEC da NECO da JAMB duk da Turanci ake rubuta su. Mu da muka fito daga ƙauyen nan mun san wahalar da muka sha a sakandare. Hausa ai suna da ita a gida. A kawo musu abin da ba su da shi.

Malama: Anti, magana suke da ita a gida, ba karatu ba. Yaro sau ɗaya yake koyon cewa baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da sauti. In ya koya da harshen da yake ji, yana karanta "akuya" sai akuyar gidansu ta faɗo masa a rai, ya san ya karanta daidai. Da Turanci kuwa dawainiya biyu ce a lokaci ɗaya, ga haɗa baƙi ga neman ma'ana, sai ya koma hadda. Shi ya sa shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, suka fara da Hausa a ƙananan azuzuwa. Ban ce kada a kawo na Turanci ba. A kawo masu sauƙi, na 'yan aji huɗu zuwa shida.

Baba Hedimasta: Mu ai haka muka taso. Zariya ce ke ciyar da mu, Kamfanin Gaskiya da NORLA, hukumar adabi ta Arewa, daga baya kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, da aka kafa a 1966. Magana Jari Ce don 'yan makaranta aka rubuta shi. Littafi ɗaya sai ya zaga unguwa har bangonsa ya cire, a ɗinke shi da zare. Turancinmu bai lalace ba saboda haka.

Auta: Iyayena da yayyena, a ba ni dama. Ba sai mun jira kwantena daga waje ba. Akwai African Storybook a intanet, labaran yara ne masu hotuna, akwai na Hausa, kuma an yarda kowa ya sauke ya buga kyauta. Kuɗin takarda da tawada kawai za mu biya a Kano ko Zariya. In ɗaya ya yage, a sake bugawa, ba wanda za a tuhuma. Sai dai Malama ta duba su tukuna, don wasu fassarorin Hausarsu ba irin tamu ba ce.

Alhaji: To a ina za a ajiye su? Ofishin nan dai har yanzu yana yoyo.

Malama: Akwatin ƙarfe, a ɗora kan bulo saboda gara. Duk Alhamis yaro ya ara ya tafi da shi gida, ya karanta wa ƙannensa da babarsa, ya dawo da shi Litinin. A rubuta a rajista cewa littafin da ya tsufa a hannun yara ba bashi ba ne a kan kowa.

Alhaji: Ƙuri'ata dai tana kan rufi, kuma a rubuta haka. In rinjaye ya tafi ga littafi, akwatin a kaina. Amma Malama, ranar da aka yi miki canjin wurin aiki fa?

Malama: Shi ya sa ba na son mabuɗi ya zama ɗaya, Alhaji. Ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun shugabar iyaye mata ta kwamitin kula da makaranta, SBMC. Ita ba a yi mata canji.

Sakatare: An rubuta. Ƙuri'a gobe bayan Isha. Malama da Auta su kawo lissafin bugu, Alhaji ya kawo na kwano da ƙusa, kowa ya gani kafin ya zaɓa.