Dakalin katako a tsakar gida: wa ya taɓa yi?

Abban Sadiya: Assalamu alaikum. Ina son yi wa Hajiyarmu dakalin katako a gindin darbejiyar tsakar gida, nan Zariya. Ƙafa 10 da ƙafa 12, tashinsa daga ƙasa kada ya wuce taki ɗaya saboda ciwon gwiwa. Sanyin siminti na tayar mata da ciwon, kuma saiwar bishiyar ta riga ta fasa daɓen wurin. Wane katako zan saya, kuma yaya zan raba shi da ƙasa?

Garba Funtuwa: Wa alaikumus salam. Ka zuba kankare, ka sa tayil, ka huta.

Maman Walid: Malam Garba, ai ya ce simintin ne ba ta so.

Ummu Hanif: Ɗan'uwa, ka ji tsoron gara, ka fi jin tsoron kafinta. Mu ma mun yi wa Baba irinsa. Kuɗin maɗaci muka biya, ashe farin katako ya kawo ya shafe da jan fenti. Ya kafa ƙafafun cikin ƙasa kai tsaye, ya haɗe falankan ba ko tsaga, ruwa ya riƙa kwana a kai. Damina ta biyu Baba ya taka gefe, ƙafarsa ta burma har idon sawu. Da muka ɗaga, cikin katakon duk jar ƙasa ce, ɓawo kawai ya rage, ga kunama biyu a ƙasa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don tsoho ne mai ciwon suga, ciwon ya daɗe bai warke ba.

Maman Walid: Subhanallahi. Allah ya ƙara masa lafiya.

Baba Kafinta: Hajiya, aikin ne aka yi ba daidai ba. Katako ba ya taɓa ƙasa. A kwashe ƙasar sama, a zuba tsakuwa, a jera bulo a cika su da siminti, a kansu dogayen katakan za su hau. Tsakanin falanki da falanki a bar faɗin ƙusa, gefe kuma a bar shi buɗe iska ta ratsa, kana iya leƙawa ka ga hanyar gara. Solignum, wato maganin gara na katako, a shafa ko'ina, musamman bakin da zarto ya yanka. Katakon kuma, loko ko maɗaci. In za ka samu azara ta giginya a ƙasa, ta fi.

Garba Funtuwa: Baƙin mai ya wadatar, kyauta ma bakanike zai ba ka.

Maman Walid: Baƙin mai a inda tsohuwa za ta shimfiɗa darduma? Wari fa, da zafin rana?

Sani Na'ibawa: Falankin maɗaci 9,000 na saya a 'Yan Katako.

Baba Kafinta: Yaushe? Makon jiya 16,000 aka ce min. Na 9,000 ɗanye ne, hunturu na zuwa zai kantare.

Sani Na'ibawa: Baba, ku kafintoci kullum sai kun ɗora naku. Wanda ya biya da aljihunsa shi za a saurara.

Baba Kafinta: Yaro, wanda ya saya sau ɗaya zai koya wa mai shekara 30 da zarto?

Ɗan Tasha: Garar gidanmu ta cinye takardar fili har da jakar. Solignum a wurinta man shanu ne.

Ummu Hanif: Ni dai har gobe kafintan nan yana riƙe da cikon kuɗinmu. Ya ce zai gyara, ya karɓi na ƙusa, ya kashe waya.

Garba Funtuwa: Ai mai walda ya fi. Ƙofata tana shagonsa tun kafin azumi.

Abban Sadiya: Na gode ƙwarai. Amma Baba, in na ɗora bulo da azara da falanki, ai ya wuce taki ɗaya. A binne rabin bulon ne?

Sani Na'ibawa: Malam Garba, ka kai shi wurin shugaban masu waldar unguwarku. Nawa ka ba shi kafin alƙalami?