Shawarwari kan katangar tsohon kurkukun Broad Street

Mun zauna kan batun katangar da ta rage daga kurkukun Turawan mulkin mallaka na Broad Street a tsibirin Legas, wanda aka sāke ginawa da bulo a 1885, aka rushe a 1979, wurin ya zama dandalin shaƙatawa na Freedom Park a 2010 bisa zanen mai tsara gine-gine Theo Lawson. An tsare 'yan siyasa Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo a nan.

Abin da aka fi nanatawa: kada a shafe bulon da siminti ko fenti. Siminti yana riƙe danshi, ga iskar teku mai gishiri, sai bulon ya dinga rugurgujewa ta ciki. A gyara da farar ƙasa, a cire tsiron da ke fitowa a tsaguwa tun saiwarsa ba ta yi ƙarfi ba.

An ɗan yi ja-in-ja kan kiɗe-kiɗen da ake yi a dandalin da a da ake rataye mutane. Ni dai ina tare da masu cewa a kafa allo a wurin, da Yarbanci da sauran harsuna, don mai zuwa ya san inda ya taka. Mai son dubawa a tsanake kuma ya je da safe.