Neman shawara kan ƙulla fuskar APT ta Hausa ta zama ƙunshin deb

Malamin Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyar da kwamfuta a wata ƙaramar cibiya a Tudun Wada, inda muke da tsofaffin kwamfutoci 12 masu ɗauke da Debian 12, wani nau'in Linux. Ɗalibaina suna tsoron baƙin allon umarni, Synaptic kuma, wato fuskar da aka saba girka manhajoji da ita, yana ruɗa su da dubban sunayen da ba su san amfaninsu ba, shi ya sa na rubuta wa APT, wato tsarin girka manhajoji na Debian, wata 'yar fuska da Python da GTK, wadda ke nuna manhajoji 20 kawai tare da bayaninsu cikin Hausa. Har yanzu a filasha nake yawo da ita daga wannan kwamfuta zuwa waccan, kuma ba ta aiki sai an buɗe ta da sudo, umarnin da ke ba da cikakken iko a kan kwamfuta. Yaya zan ƙulla ta yadda ya kamata ta zama ƙunshin deb, irin fayil ɗin da Debian ke girka manhaja da shi, kuma me zan gyara kafin nan?

Injiniyan Kawo ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙullawar ba ta da wuya: ka buɗe jakar debian, ka rubuta abin da manhajar ta dogara a kai a fayil ɗin control, kamar python3-apt da python3-gi, ka ajiye fayil ɗin desktop a /usr/share/applications domin ta fito a jerin manhajoji, sannan ka bar lintian ya tono maka kurakuranka.

Maganar sudo ɗin nan ce ta fi tsaya mini a rai. Buɗe taga gaba ɗaya da ikon root, wato cikakken ikon da sudo ke bayarwa, tamkar miƙa wa ɗalibi makullin gida ne alhali ruwan randa kawai ya zo sha, kuma Wayland, tsarin nuna tagogi wanda teburin GNOME ke hawa kansa a Debian 12, ba ya maraba da wannan ɗabi'a; shi kansa Synaptic ya sha wahala a nan. Ka raba aikin gida biyu, fuskar ta yi aiki da ikon mai amfani na yau da kullum, wani ɗan mataimaki kuma ya riƙa girkawa ta hanyar umarnin pkexec bayan polkit, mai ba da izini, ya nemi kalmar sirri. In ba ka son wannan ɗawainiya, ka jingina da PackageKit, mataimakin girka manhajoji da aka riga aka rubuta, wanda Richard Hughes ya soma a 2007, kuma GNOME Software da Discover suke amfani da shi.

Malama daga Barnawa ta amsa:

Injiniya ya yi gaskiya, amma ya manta da wuta. Watan jiya ina tsakiyar girka LibreOffice aka ɗauke wuta, kafin yaro ya tayar da janareta kwamfutar ta mutu, da ta dawo kuwa APT ya ƙi taɓa komai har sai da na rubuta dpkg --configure -a. Ɗalibin da ke gudun baƙin allo ba zai iya wannan ba, don haka ya kamata fuskarka ta gane cewa aiki ya yanke, ta fito da maɓallin "Gyara" da kanta. Ta kuma faɗi yawan datar da za a ci kafin a danna, tunda da kuɗi ake sayenta. Ka girka apt-cacher-ng, mai adana manhajojin da aka sauke, a kwamfuta ɗaya, sauran 11 su riƙa ɗiba daga gare ta ta tashar 3142, maimakon a sauke abu ɗaya sau 12.

Ɗalibi daga Unguwar Rimi ya amsa:

Malam, a gafarce ni in sa baki a gaban manya. Kada a dasa Hausar a cikin lambobin manhajar. A ware ta a fayil ɗin po na gettext, tsarin fassara manhajoji, ƙarƙashin alamar ha ta Hausa, ta yadda mai son Fulfulde ko Kanuri zai fassara ba tare da ya taɓa Python ba. Sannan akwatin bincike ya ɗauki k da ƙ, ko d da ɗ, a matsayin abu guda, domin yawancin allunan rubutunmu ba su da haruffa masu lanƙwasa.

Malamin Tudun Wada ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada binciken yanzu, na rubuta "kidaya", bai nemo mini manhajar lissafin da na sa wa "ƙidaya" a bayaninta ba. Injiniya, shin fayil ɗin polkit a /usr/share/polkit-1/actions zan ajiye shi?