Neman shawara: ya ce ibadarsa duk ta ganin ido ce, yana so ya daina zuwa sujada

Mai tambaya:
Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. Akwai wani saurayi a rukunin nazarin Littafi Mai Tsarki da nake jagoranta. A gidan Kirista ya tashi, an yi masa baftisma, yana cikin mawaƙa, ba ya fashin sujada, zakkarsa ba ta makara. Ya same ni ya ce duk wannan fanko ne: a gaban jama'a addu'a tana zubo masa, in ya kaɗaita ko kalma ba ta fitowa, ga kuma wani zunubi da ya daɗe yana ɓoyewa. Ya ce gara ya daina zuwa da ya ci gaba da riya. Yaya zan taimake shi ya gane ko bangaskiyarsa ta gaske ce? In bar shi ya janye ne?

Dattijon ikilisiya:
Ɗana, kada ka yi saurin ce masa "ai kai mai bi ne, kwantar da hankalinka", kada kuma ka yanke masa hukunci. Zuciya ba a gabanka take ba. 1 Sama'ila 16:7 ta ce mutum yana duban waje, Ubangiji yana duban zuciya. Aikinka ka sa shi ya gwada kansa, kamar yadda Bulus ya umarta a 2 Korintiyawa 13:5, kuma ka ba shi ma'aunin da ya dace.

Yawan ayyuka ba ma'auni ba ne. Bafarisiyen da ke Luka 18, ɗan ɗarikar Yahudawa masu tsananta bin Shari'a, yana azumi sau biyu a mako, yana fitar da zakkar duk abin da ya samu, amma mai karɓar haraji ne ya koma gida baratacce. Waɗanda ke Matiyu 7:22 har annabci da fitar da aljanu suka yi da sunan Yesu, ya ce bai taɓa saninsu ba. Wanka da gari ba ya maganin yunwa.

Ku zauna ku biyu da wasiƙar Yahaya ta fari. Sura biyar ce kawai, ku ɗauki ɗaya kowane mako. Tambayoyi uku ne suke ta dawowa a cikinta: wane ne Yesu a wurinka, yaya kake yi da umarninsa, yaya kake yi da ɗan'uwanka. Ya rubuta amsarsa da hannunsa bayan kowace sura, da misali daga makon da ya wuce. "Ina ƙaunar kowa" ba amsa ba ce. "Na je na nemi gafarar wanda na ɓata wa suna" amsa ce. A 5:13 Yahaya ya ce ya rubuta ne domin masu bi su san suna da rai madawwami, wato domin a samu tabbaci, kada ka mai da wasiƙar bulala.

Malamar makarantar Lahadi:
Ɗan'uwa, a kan batun janyewa: a'a. Ka duba Matiyu 6 da kyau. Yesu ya ambaci sadaka, addu'a da azumi, abubuwan da munafukai suke yi don a yabe su, bai kuwa ce a daina ko ɗaya ba. Cewa ya yi a canza wanda ake yi domin idonsa: a shiga ɗaki a rufe ƙofa, kada hagu ta san abin da dama take yi, mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai. Haka ma a Matiyu 23:23, da ya tsauta wa Farisiyawa kan zakkar ganyaye alhali sun bar adalci da jinƙai da aminci, ya ce waɗannan ya kamata su yi ba tare da sun bar waɗancan ba.

Ga abin da zai yi na mako huɗu. Kowace rana minti goma sha biyar shi kaɗai, waya a wani ɗakin. Tunda kalmomi ba sa zuwa masa, ya ari na Zabura: 51 a makon farko, sai 32, sai 139, sai 103. Ya karanta da murya, ya tsaya a duk ayar da ta taɓa shi ya faɗa wa Allah ita da bakinsa. Sau ɗaya a mako ya yi wani alheri da ba wanda zai sani, har kai malaminsa kada ya gaya maka. Ya lura da abin da zuciyarsa take yi in ba wanda ya gode masa. Idan abin ya yi masa ciwo, ya gano inda cutar take.

Inda ake yin kuskure shi ne a mai da minti goma sha biyar ɗin sabon abin taƙama, ko ya yi fashin kwana biyu ya ce shi ke nan na tabbata munafuki. In ya yi fashi, ya ci gaba washegari, ba ramuwa.

Fasto:
Abin da Baba da Mama suka faɗa daidai ne, sai dai akwai abin da ya riga su duka. Kafin ka tambaye shi abin da yake yi, tambaye shi abin da ya dogara da shi. Ce masa: in yau ka tsaya gaban Allah, don me zai karɓe ka? Ka yi shiru ka saurara. In amsar ta fara da "saboda ina", ina zuwa coci, ina ƙoƙari, ban taɓa yin kaza ba, to bai fahimci bishara ba tukuna, ko da shekara nawa ya yi yana rera ta. Afisawa 2:8-10 ta jera abin: ceto ta wurin alheri ne, ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba, sa'an nan aya ta 10 ta kawo kyawawan ayyukan da aka halicce mu domin su. Mai addinin ganin ido ya juya jerin ne, ya sa ayyuka a gaba yana fatan su saya masa karɓuwa. Shi ya sa yake gajiya, shi ya sa kuma ba ya iya fallasa zunubinsa, don in sunansa ya zube ba abin da ya rage masa.

Wannan ba sabon abu ba ne, har ga masu hidima. John Wesley ya zama limamin cocin Ingila a 1728, ya haye teku zuwa Jojiya a Amurka don wa'azi, ya dawo yana shakkar ko shi kansa ya tuba. Sai ranar 24 ga Mayu, 1738, a wani taro a titin Aldersgate a Landan, ya ce ya ji ya dogara ga Almasihu shi kaɗai don ceto. Kusan shekara goma ke nan bayan naɗinsa.

Game da ɓoyayyen zunubin, a nan aikin gaske yake. Ya furta shi ga Allah da sunansa (1 Yahaya 1:9), ya kuma faɗa wa mutum ɗaya amintacce, namiji ɗan'uwansa da ya manyanta cikin bangaskiya (Yaƙub 5:16). Ba sai an kai gaban taro ba. In ya ci haƙƙin wani, tuba ba ta cika sai da mayarwa. Wani mai karɓar haraji na Yariko a Luka 19 ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu. Ka kuma taya shi bambanta baƙin ciki iri biyu da ke 2 Korintiyawa 7:10. Mai baƙin cikin duniya tsoron tonon asiri ne ya dame shi. Mai baƙin ciki irin na Allah zunubin kansa ne ya dame shi, ko da ba wanda zai taɓa sani.

Wani ɗan'uwa:
Baba Fasto, da izininka in ƙara gargaɗi. Kada a ɗauki bushewar zuciya a matsayin shaidar rashin bangaskiya. Zabura 42 da 88 masu bi ne suka rubuta su. Mahaifin yaron nan a Markus 9:24 ya ce ya gaskata, a taimaki rashin bangaskiyarsa, Yesu kuwa ya warkar masa da ɗa. Hawaye da tsuma a lokacin waƙa su ma ba hujja ba ne. A misalin mai shuka da Yesu ya bayar, iri da ya faɗi a kan dutse da murna ya karɓi maganar, rana ta yi ya bushe.

A ganina munafuki na ainihi ba kasafai yake kai ƙarar kansa ba. Hananiya da Safiratu, da suka yi ƙarya kan kuɗin baiko a Ayyukan Manzanni 5, sai da Bitrus ya tone su. Wannan saurayin da ƙafarsa ya zo, ka ɗauki hakan da muhimmanci. Sannan ka tambaye shi barci da cin abinci. In ya yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, ba ibada kaɗai ba, ga rashin barci da raina kansa, ya ga likita, don ciwon damuwa yakan zo wa mai addini da kamannin shakka. In ya ambaci son kashe kansa, ranar nan za a nemi taimako, ba a jira mako huɗu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Saura ɗaya: waƙar fa? Ya ci gaba da tsayawa gaban jama'a?

Dattijon ikilisiya:
Ni dai ya sauka na wata uku, da sanin fastonsa, ba a matsayin horo ba, ba kuma da sanarwa ba. Ya zauna cikin jama'a ya ji wa'azi kamar kowa, ya ɗauki hidimar da ba ta da tafi, kamar shara ko gaishe da marasa lafiya. Sujada kam ba fashi, Ibraniyawa 10:25.

Malamar makarantar Lahadi:
Baba, na yarda in zunubin yana ci gaba ne ko ya shafi wani a cikin mawaƙan. In ba haka ba, ina tsoron cire shi daga abokansa a daidai lokacin da ya fi bukatarsu. Ya bar jagorancin waƙa da addu'ar buɗe taro, ya koma sahun baya, amma ya riƙa zuwa koyon waƙa. Ɗan'uwa, ku kai wa fastonsa shawarwarin biyu, shi da ya san irin zunubin ya zaɓa, ku kuma sa ranar da za ku sake zama ku duba.